Kwamfutar da Ke Gurnani

Ƙarfe biyu da kwata daidai kwamfutar ta soma. Da farko wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, sai ta ja shi ya yi tsawo, sannan ta ƙarasa da ɗan fito siriri. Sakatariya ta janye kujerarta baya, ta rungume jakarta.

"Ka ji ko, Injiniya? Kullum haka take yi. Ni dai ina da 'ya'ya ƙanana, ba zan zauna abu ya fashe da ni ba."

Injiniya ya ji sarai. Shekara goma sha bakwai yana gyaran kwamfuta, ya san kukan fanka mai ƙura, ya san na wadda mai ya ƙare mata, amma wannan bai taɓa gamuwa da irinsa ba. Ya miƙa hannu ya kashe soket ɗin bango. Ƙarar ta yi wani "hak", ta ɗauke.

Ba a yi minti ɗaya ba Manaja ya fito daga ofishinsa, wanda bangon katako ne kawai ya raba shi da teburin Sakatariya. Yana share gumi, idanunsa jajur.

"Wa ya kashe mini fanka?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri. Ashe layin wutar ɗaya ne."

Injiniya ya faɗi haka kansa a ƙasa, domin Manaja surukinsa ne, uban matarsa. Tun ranar da suka haɗa zuri'a tsohon bai taɓa ɗaukar aikinsa sana'a ba, a bayan ido ma mai hura ƙura yake kiransa.

"Ni ban taɓa jin ƙarar nan da kunnena ba," in ji Manaja, "amma ma'aikata sun ishe ni da ƙorafi. Zuwa Alhamis in ba ta daina ba, zan kira mijin ƙanwar matarka."

Wannan magana ta soki Injiniya. Mijin ƙanwar matar tasa wata uku kacal ya yi yana koyon gyara, ga shi da baki. In shi ya gyara abin da ya gagari Injiniya, to shi ke nan, duk wani taron dangi an samu labarin da za a yi ta maimaitawa a gaban matarsa.

Ranar Litinin ya kwance akwatin wutar kwamfutar, wanda fanka ke cikinsa tana sanyaya shi. Ya hure ƙura, ya ɗiga mai, ya ɗaure duk wayar da ka iya gogar fukafukan fankar. Safiya ta wuce lami lafiya. Ma'aikata na gama cin abincin rana, gurnani ya dawo, har da ƙarin wata gargada a tsakiya.

Talata ya sa sabuwar fanka. Gurnani bai fasa ba. Ya canja akwatin wutar gaba ɗaya, sabo fil daga kwali. Ko a jikinsa.

Laraba ya ɗauki kwamfutar a ka, ya kai ta shagonsa, ya kunna ta, ya zauna a gabanta wuni guda kamar mai jinya. Ko tari ba ta yi ba. Da yamma Sakatariya ta bugo waya, ta ce yau ma an ji ƙarar a ofis. Ya ce mata tsoro ne ya zauna mata a kunne. Amma da ya ajiye wayar sai ya juya ya ƙura wa kwamfutar da ke gabansa ido.

Alhamis ya maido ta kan teburin tun da wuri. Ya yanke shawarar yin abin da ko mahaukaci ba zai yi ba: ya zare akwatin wutar ɗungum, ya riƙe shi a cinya, ya bar kwamfutar ƙwarangwal, ba waya ko ɗaya a jikinta. Soket ɗin bango kuwa bai taɓa shi ba.

Ƙarfe biyu da kwata, gurnani ya taso.

Sakatariya ta yi waje ko jakar ba ta ɗauka ba. Injiniya ya dubi akwatin da ke cinyarsa, fankar a tsaye cik. Sai ya koma ga dabarar da ya koya tun yana sabon shiga: ya kafa tsinin sukundireba a jikin kwamfutar, ya manna kunne a mariƙin. Shiru. Ya kafa a kan teburi, ya ji kaɗan. Ya bi tebur har ƙarshensa, da rarrafe, har ya isa ɗan ramin da wayoyi ke ratsa bangon katako. Ya sa ido.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, kunya ce ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Akwai maganar da mutum zai iya faɗa wa kowa a duniya amma ban da mutum ɗaya, kuma matsalar nan irinta ce.

Ya mayar da komai mazauninsa, ya tafi kasuwa, ya dawo da abu a baƙar leda. Ya jira Manaja ya fita, ya ce wa Sakatariya gyaran daga ɗaya gefen bangon za a yi. Minti biyu ya yi a ciki.

Daga ranar ba a sake jin ƙarar ba. Sakatariya ta dawo da kujerarta kusa da tebur. Manaja, wanda yanzu ke fitowa da la'asar fuska a sake, ya kira 'yarsa ya ce ashe mijinta ya san aikinsa, kuma ya maimaita hakan a gaban dangi har sau biyu.

Har yau mijin ƙanwar matar na binsa yana roƙon ya faɗa masa kayan da ya canja. Injiniya sai dai ya yi murmushi, don ba zai taɓa buɗe baki ya ce ɗan matashin kai ne ya ɗaura a kujerar surukinsa, saboda wuyan tsohon ya daina lanƙwashewa yana sa shi minshari in yana sharar barcinsa na rana ba.