Tambayar da Mu'az Ya Haɗiye

Jarrabawar zama mataimakin mai harhaɗa magani ta ƙarato, kan Mu'az kuwa ya gama kullewa. Sunayen magunguna ya haddace su kamar karatun allo. Tambayoyin nan na "ga mara lafiya ya zo, me za ka yi?" su suka hana shi sakat. Kowace amsa ya duba, sai ya ga kamar ita ce.

Rauda, 'yar ajinsu, takan biyo ta kemis ɗin da yake koyon aiki a unguwar Sabo ta Ibadan su yi gwaji, ita ce mai saye.

"Oya, ni matar aure ce, bayana ke ciwo. Me za ka fara yi?"

"In ba ki magani mana."

"Ka faɗi jarrabawa! Tambaya za ka yi: kina da juna biyu?"

"Haba Rauda, abeg! In dubi matar mutane in tambaye ta ciki? A takarda dai zan zaɓa, a baki kam a'a."

Ka ji fa! Shi a ganinsa jarrabawa daban, kanti daban.

Ran nan Oga, mai kemis ɗin, ya tafi unguwar Ojoo, sai ga Nana Firdausi, matar Malam Alasan da ya koya masa Alƙur'ani, tana dafe da ƙugu.

"Mu'azu ɗana, bayan nan ya hana ni ruku'u. Ba ni magani mai ƙarfi."

Ya ɗauko kwalin da Oga ke ba masu dakon doya na kasuwar Bodija. A gefensa an rubuta cewa mai juna biyu kada ta sha. Tambayar ta zo masa har maƙogwaro. To ta ina zai fara? Matar malaminsa ce, uwa ce. Kuma duk unguwa an san shekara da shekaru ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ya tambaya, ya fama mata ciwo? Ya hana, ya ce mata me? Ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya miƙa mata.

Ashe ƙaramin ciki gare ta, tana ɓoyewa kamar yadda mata ke yi kafin ya fito.

Washegari da la'asar jini ya ɓalle mata, aka kwashe ta sai asibiti. Ita ta tsira, cikin bai tsaya ba.

A bakin ɗakin da aka kwantar da ita, Malam Alasan ya tarar da Mu'az a tsugune. Bai ɗaga murya ba, kwalin kawai ya nuna masa.

"Likita ya ce an rubuta a jiki. Ba ka karanta ba ne?"

"Na karanta, Malam."

"To me ya hana ka tambaya?"

"Kunya."

Malam ya ce, "Ita ma kunyar ce ta hana ta faɗa maka. Ni kuwa har suna na zaɓa."

Mai koyon aikin magani, tambayoyin da kake bita ba don takarda aka yi su ba, don mutumin da zai tsaya gabanka ne. Ka tambaya ko da uwarka ce. Ke ma 'yar'uwa, ki faɗi halin da kike ciki ko ba a tambaye ki ba.