Jar ƙasa a gwiwar Baba

Babana direba ne a Tudun Wada, mutum mai faɗa, sallarsa ma a gurguje yake yi kamar fasinja na jiransa. Wata rana bayan la'asar ya dawo daga jana'izar abokinsa, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, don shi ya shiga kabarin ya karɓi gawar. Gidan ba kowa sai ni. Na kawo masa buta.

"Ajiye tukuna," in ji shi.

Ya zauna a tsakar gida yana kallon ƙasar da ke tafin hannunsa. Har yau ina jin ƙamshinta, irin na sabuwar randa.

"Ɗan nan, shekara da shekaru ina cewa Allahu akbar. Sai yau da na tsaya a ramin nan na ji abin da nake faɗa."

Ban gane ba, ni yunwa ce ta dame ni.

Bara da Baba ya rasu, ni na shiga kabarin na karɓe shi. Na tsaya ina jiran in ji abin da ya ji a ranar nan, har aka ce in fito. Na dawo gida da ƙasa a gwiwa, ba mai kawo mini buta, ba wanda zan tambaya.