Naman da Ƙuda Ya Ƙi

Tun da hukuma ta wajabta shafa wa kowane nama jan gishiri, kilishi ya daina baƙi a garin. Sai ya shekara a faifai jajir, amma ko ƙuda ɗaya ba ya sauka a kansa.

Iya Tabawa ta tsaya gaban teburin Ɗanliti mahauci. 'Yarta mai ciki ce ke kwaɗayin kilishi, ita kuwa ta ji ana raɗe-raɗin gishirin nan in ya ji wuta ciwon hanji yake haifarwa.

"Ɗanliti, gutsura ka ci in gani."

"Azumi nake, Iya."

"Ran Laraba?"

Ya kalle ta sama da ƙasa. Ta san abin da yake tsoro: tsofaffi irinta ake turowa leƙen asiri. Ita ma ta ji mahauta na kai wa hukuma sunan masu yawan tambaya.

Sai ga ƙuda ya tsallake jan naman, ya sauka kan wani ƙunshin baƙin kilishi a ƙarƙashin tebur. Idonta ya bi shi.

"Na iyalina ne," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"To, yanko mini daga wanda ƙuda ya zaɓa."