Manomin da Ya Ƙi Ciyar da Gumi

Kai da kake ƙorafin masu yi maka aiki sun cika ci, matso ka ji. An yi wani manomi da ciyawa ta taso wa geronsa, sai ya kira gayya, ga rumbunsa cike da hatsin bara. Ana gobe za a fita, ya ji likita a rediyo yana bayani cewa in mutum ya ci loma huɗu, ɗaya ce tak ke zama ƙarfin damtse, sauran ukun zafi suke zama, su fita ta gumi da numfashi. Maganar gaskiya ce, haka Allah ya gina jiki. Amma gogan naka sai ya dafe ƙirji. Wato duk shekarun nan gumin ƙartin gari yake ciyarwa? Ya leƙa madafa ya tarar maiɗakinsa ta auno geron fura, ya sa ta mayar da kashi uku rumbu. "Na aikin kaɗai za ki dama," in ji shi. "Mai son yin gumi ya yi da hatsin gidansu." Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ya ce ilimi ne, ba za ta gane ba.

Da hantsi aka kai fura gona, tsululu, kana hango gindin ƙwarya. Samarin da suka duƙa tun asuba suka sha, suka koma bakin aiki. Shi kuwa yana inuwar tsamiya yana murmushi, wai ya toshe ɓarna. Haba jama'a! Da shi aka ƙulla yarjejeniya da jikin ɗan Adam? Ko loma ɗaya ka ba jiki, sai ya raba ta huɗu ya ƙone uku. Wa ya taɓa hura wuta zafinta duka ya tsaya a gindin tukunya? Kafin azahar fartanya ta yi nauyi. Makaɗi ya doki ganga har ya gaji, ba wanda ya ƙara sauri, wani ma ya durƙushe tsakanin kunyoyi jiri na ɗibarsa. Babbansu ya kife ƙwaryar a bakin gona, suka saɓa fartanyoyinsu suka tafi, ko rabi ba a nome ba. A makon nan sama ta yi ta zuba, ciyawa ta shanye geron. Ya sake kiran gayya, gari ya yi kamar ba da shi ake ba. Da kaka, abin da ya girba ko ƙasan rumbu bai rufe ba.

Ai tun kafin a ƙera rediyo Hausawa suka gama magana: da ruwan ciki ake jan na rijiya.