Awarwaron Yaya Tabawa

Tun da asibiti ya fara saka wa masu ciwon daji awarwaron da ke matse hannu idan ciwon ya ƙaru, Ladidi ta daina kallon fuskar yayarta Tabawa. Hannunta take kallo.

Yau ma ta dawo daga kemis da ƙullin wiwin da doka ta yarje wa masu awarwaro. Tabawa ta rantse ba za ta busa hayaki ba, ita da ke da jikoki. A kaskon turaren wuta take barbaɗawa, ta lulluɓa da zane kamar amarya.

"Yaya, likita ya ce har yanzu ba su tabbatar ba, ko ganyen nan kwantar da ciwon yake, ko ciyar da shi."

"Ni dai yana ciyar da ni. Miƙo tuwon."

Ta cinye malmala guda, rabonta da haka tun azumi. Da Ladidi ta zo zuba mata ruwan wanke hannu, sai ta ga awarwaron ya nutse cikin fata.

Tabawa ta ja hannun riga ta rufe.

"Ƙiba na yi," ta ce. "Ki bar ni a haka."