Baiti na Goma Sha Bakwai

Mai gidan da muke haya ya iso da mai gatari, wai bishiyar tsakar gida ta cika zubar da ganye.

Yayana, da ya shekara ashirin yana rubuta mata waƙoƙin da ba mai saurara, ya roƙi a bari ya karanta ta bankwana.

"Baiti nawa ce, Malam?"

"Sittin kacal."

Aka ajiye wa mai gida kujera a inuwa. A baiti na goma sha bakwai ya fara minshari.

Da ya farka, ya yi miƙa, ya daɗe yana kallon rassan.

"Rabona da irin wannan barcin tun ina yaro. A bar ta."

Har yau Yaya na ba da labarin yadda waƙarsa ta ratsa zuciyar mutumin. Mu da muke shan inuwar ba ma musu.