Ƙayar da Na Kwashe daga Fakon Mai Gidana

Ka ce za ka bar gonar babanka ta huta ta koma daji, kana tambayata ta ina ake farawa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, Sallau, a aji huɗu na tsaya. Amma zauna in ba ka misali.

Wani manomi ya gaji gona a bayan gari, ya same ta ta riga ta gaji. Ƙasar ta zama fako, in an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce kamar an zuba a kan faranti. Damina uku yana shuka gero yana girbe abin da bai kai irin da ya zuba ba. Sai ya ɗauke fartanya daga kanta, ya ce iyalinsa su ci daga gonarsa ta fadama, wannan kuwa a bar ta ta farfaɗo. Amma bai juya mata baya ba. Kowane rani shi da 'ya'yansa biyu sukan jawo busassun rassan aduwa da na magarya da na farar ƙaya, su shimfiɗa a kan fakon, nan tuli can tuli. Kututturen sabara da na kalgo da kowa ke sassabewa ya ƙone kafin shuka, shi sai ya zaɓi reshe biyu ko uku ya bari su miƙe. Mutanen gari suka sa masa suna Sarkin Noman Zomaye. Matarsa ma ba ta raga masa ba. In ta kai musu fura bakin gonar takan ce ita dai ba ta taɓa ganin an kaɗa miya da sawun zomo ba. Shi sai ya yi dariya ya karɓi ƙwarya. Ba mutum ne mai yawan bayani ba.

A shekara ta biyar ciwo ya kwantar da shi, da tsakiyar damina ya rasu. Manomin nan mai gidana ne, Allah ya jiƙansa, matar kuwa ni ce.

Da na fita takaba, ƙaninsa Ɗantani ya zo gaishe ni. Abokin wasana ne tun ina amarya, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce kowace mace mijinta gona ya bar mata, ni Yaya bola ya bar min, har masu wucewa kasuwa suna tambaya ko babu mai rai a gidan ne. Wasa yake yi, amma maganar ta zauna min a rai. Na ce ba za a yi wa mamaci dariya ina numfashi ba. Lokacin 'ya'yan sun tafi cirani, babu wanda zan yi shawara da shi, kuma ban ga abin shawara a ciki ba. Kwana tara ina fita da sassafe da gatari da manjagara. Rassa masu kauri na ɗaure na kai gida don girki, ƙananan na tara na cinna musu wuta. A ƙarƙashin kowane tuli na tarar gara ta ci itacen, ƙasa ta yi laushi ta yi baƙi, ga 'yan tsirran gawo da aduwa da ba su fi tsawon yatsa ba. Na ji daɗi, na ce yanzu za su sha iska su ga rana. Kusurwar arewa kaɗai na bari, ita ma don ƙayar aduwa ta soke ni a tafin hannu ya kumbura, na kasa riƙe gatari.

Gona ta yi fes, ko a tsakar gida sai haka. An riga an gama girbi, an saki dabbobi. Awakin gari suka ga fili a buɗe suka shiga, cikin kwana uku ba su bar ko ganye ɗaya ba. Bayansu iska ta zo ta kwashe lallausar ƙasar, fako ya sake fitowa yana ƙyalli.

Gab da damina babban ɗana ya dawo. Bai ajiye jaka ba ya wuce gonar, ni ina biye da shi ina jiran ya yaba. Ya dubi gonar, sannan ya ce, "Inna, ƙayar nan ai ita ce aikin. Ita ke tare ƙasa da iri in iska ta kwaso, ita ke hana akuya sa baki. Baba ya ce kada a taɓa ta sai itatuwan sun fi ƙarfin akuya." Ban taɓa tambaya ba, su ma ba su taɓa faɗa min ba, suna zaton na sani.

Mun sake jan ƙaya daga farko, ni da 'ya'yan da matansu, kuma har yau kowane rani muna ja. A kusurwar arewa gawo ya wuce tsawon ɗaki, fakara tana ƙwai a cikin ciyawa, bara zuma ta sauka har muka sha. Sauran gonar kuwa, itatuwan ba su wuce ƙuguna ba, kuma ban sani ba ko zan kai lokacin da zan zauna a inuwarsu. Aikin da ya ƙare ƙarfinsa a kai, ni na ƙone shi da hannuna don kada a ce gonarsa da datti. Ka ji inda Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido.